Ƙaramin yatsan Yaya Habu

Laraba da dare, Konni

Yau ma Yaya Habu ya cinye ni a tseren mota, a kwamfutar shagon Kawu. Allon maɓallai ɗaya muke dannawa, shi hagu ni dama, wanda aka cinye ya bar kujera. Kullum ni ke tashi. Da na zo kwana sai motata ta ƙi juyawa ta daki bango, alhali ina danna maɓallin har yatsana ya yi zafi.

"Ke Hadiza, je ki yi aikin lakwal, tuƙi ba naki ba ne," in ji shi. Wai in koma ga aikin makaranta.

Amma na ga ƙaramin yatsansa a kan wani maɓalli da ba ya aikin komai a wasan. Da ya tafi masallaci na gwada. Na danne maɓalli uku a gefensa, biyun da yake tuƙi da su da wancan na ƙaramin yatsan, na taɓa nawa, motar ta ƙi juyawa. Na saki ɗaya, ta juya.

Ya sani, ko haka hannunsa ke kwanciya? Ba na son in zarge shi a banza. Gobe kafin mu fara zan ce, "Yaya, ɗaga wannan yatsan tukuna," sai in kalli fuskarsa.