A Mayar da Ƙafafun Dona Zulmira

Cikin alhini da ɓacin rai, Ƙungiyar Mata Masu Ɗinkin Takalma ta garin Felgueiras ta samu labarin rasuwar uwarmu, shugabarmu ta farko, mai girma Dona Zulmira Peixoto Leite, wadda ta kafa kantin intanet na Sapatos Zulmira, bayan doguwar jinya, tana da shekara tamanin da ɗaya.

Duk ɗan garin nan ya san mafari. Da masana'antar da muke yi wa ɗinki ta rufe, marigayiya ta jera keken ɗinki uku a ɗakin ajiyar dankalinta, ta ce za ta sayar da takalma ta intanet, alhali ko kunna kwamfuta sai an taya ta. Halin ɗauko 'yan mata masu talla babu, sai ta zauna a matakalar coci, ta zura nata ƙafafun a takalman, maƙwabciya ta ɗauki hoto. Ƙafafun kuwa, Allah ya ji ƙanta, kamar burodin masara: ga faɗi, ga kumburi, ga ƙullutu a gindin babban yatsa. Muka yi dariya har da hawaye, ta ce, "Ku yi ta yi, 'yan banza, naku sun fi nawa muni."

Ashe matanmu da ke aikatau a Faransa da Suwizalan sun gaji da takalman da ke matse su. Da suka ga ƙafa irin tasu, suka yi caa a kan takalmanta. Keke uku ya zama sittin, ɗakin dankali ya zama babban sito, kuma duk sabon samfuri, da ƙafarta yake fita duniya.

Don haka ƙungiya ke bayyana takaicinta cewa, tun ba a kai ta makwancinta ba, surukinta, mai girma Babban Daraktan kantin, Injiniya Hélder Sampaio, ya sa an kwashe hotunan nan kaf daga shafin kanti, an maye gurbinsu da wasu ƙafafu santala-santala da kwamfuta ta zana, waɗanda ba su taɓa taka ƙasa ba, balle su tsaya layin kifi. Wai zamani. Hélder ɗan nan, wanda ya zo neman aure da takalmin aro, yau shi ke jin kunyar ƙafar surukarsa!

Muna miƙa ta'aziyya ga 'ya'yanta, Dona Graça da Dona Filomena, da jikokinta duka. Allah ya ba su haƙuri da juriya, ya ba marigayiya hutu, don ta riga ta yi tsayuwar da ta ishe ta.

Shi kuwa Injiniya, yana da daga yau zuwa addu'ar bakwai ya mayar da hotunan. In ya ƙi, mu sittin za mu shigo coci ba takalmi, mu cika sahun gaba a gefensa, da kaushinmu da fasonmu, ya yi addu'arsa yana kallon abin da ya ciyar da shi.

Sa hannu:
Dona Albertina Cunha Teles
Kakakin Ƙungiya