Amfilifayarka Tana Gidan Yayana

Maigida Ssebunya,

Na tafi kasuwa kafin ka dawo daga Masaka. Kada ka nemi amfilifayarka a falo, ni na ɗauke.

Jiya wajen bikin gabatar da angon Nabukeera 'yar yayana, makirufo mara waya da aka aro raɗa kawai yake yi, ba abin ƙara masa ƙarfi. Yayana ya ce ta ɗaga murya. Na ce, "Amarya a durƙushe ta yi wa surukai ihu? Ba dai ina gwaggonta ba!" Na hau acaɓa na ɗauko amfilifayarka.

Ta gaishe su a hankali, kai a sunkuye, amma har rumfar ƙarshe an ji.

Ka je gidan yayana ka karɓo abarka. Yi haƙuri, amma ko gobe sai na sake.

Nansubuga