Littattafai Bakwai Masu Baƙin Bango

Zuwa ga aminina, marigayi Farfesa Isiyaku,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa da fatan kana cikin rahamar Ubangiji, ni ne Dogo, abokin zamanka a benci ɗaya a makarantar Midil. Ina nan Fagge, a ɗakin da ka sani. Kantin Kwari ya ci gidajen maƙwabta duka, sun koma shaguna. Wuni nake ina jin hayaniyar 'yan dako, babu mai yi mini sallama.

Iyalinka sun miƙa takardunka ga ɗakin karatun jami'a: rubutun littattafanka, wasiƙu, da kaset-kaset na shirinka na rediyo. Wata ma'aikaciya, Malama Sikirat, Bayerabiyar Sabon Gari, ita ke jera su. Ta ci karo da littattafai bakwai masu baƙin bango, ka cika su da ajami. Malaman Larabci sun ce ba Larabci ba ne. Malaman Hausa sun ce ba Hausa ba ce. Matarka ce ta turo ta wurina.

Tun kafin ta gama bayani na gane. Zaurancenmu ne, wanda muka ƙirƙira don kada hedimasta ya san abin da muke faɗa a kansa. Kai ke cewa, "Harshen mutum biyu ya fi asusu rufuwa."

Idona ya yi yana, ko babban baƙi ba na gani. Ta zo da hotunan shafukan a wayarta, limamin masallacinmu ya riƙa karanto mini a hankali. Kalmar farko ita ce Godo. Sunana ne a juye. Ya duba shafi na gaba, Godo. Ta ce haka kowane shafi ya fara, har ƙarshen na bakwai.

Isiyaku, ni da na ɗauke ƙafa daga gidanka tun da ka zama Farfesa. Na ɗauka akawun gidan waya irina ba shi da wurin zama a falonka. Ran Lahadi in kunna rediyo in ji muryarka, in ce wa kaina ka mance da ni. Ashe duk shekarun nan da ni kake hira.

Na san ana juya gaɓoɓi. Amma akwai doka ta biyu, wadda ka ƙara ranar da hedimasta ya kusa gano mu. Ita ta ɓace mini. Liman ya maimaita layin farko har muryarsa ta dushe. Na ji amon kalmomin kamar na san su, ma'ana ta ƙi zuwa. Ina tuna launin tawadarka da ƙamshin gurasar da muke rabawa, wannan ɗaya ta tafi.

Malama Sikirat ta yi mini haƙuri mako uku. Jiya ta faɗa mini, cikin ladabi, za ta rubuta a jikin akwatin cewa ba a san harshen ba. Ban hana ta ba. Gaskiya ta faɗa.

Ban san ko zagina ka yi ba, ko ba'a, ko kira. Ko wanne ne, da na so in ji.

Allah Ya jiƙanka, Ya haskaka makwancinka. Ya yafe mini zumuncin da na yanke. Idan Ya haɗa mu, ka karanta mini da bakinka, a hankali, daga shafi na farko.

Naka,
Godo