Hoton Kan Mama

Yayana na kaina,

Gaisuwa mai yawa, ya aiki, ya Anti da yara? Kar ka yi mamakin ganin takarda a hannun direba, wallahi yanzu tsoron wayar nake ji, ni da ko banɗaki da ita nake shiga.

Yaya, ka tuna hoton da ka matsa min in turo maka bayan an yi wa Mama aiki? Wanda aka aske mata kai, ɗinkin duk a waje, bakinta a buɗe tana barci? Kai kaɗai na tura wa, ko a rukunin gidanmu na waya ban saka ba. To yau matar tela ta tare ni a bakin famfo, ta miƙo min wayarta wai, "Auta, ashe haka jikin ya yi tsanani?" Hoton ne, Yaya! An rubuta a ƙasa wai a taya baiwar Allah da addu'a. Bokitin ma a can na baro shi.

Ka san Mama. Ko mu da ta haifa ba ta yarda mu ga kanta a buɗe. Ba ta sani ba tukuna. Don Allah ta ina ya fita?

Taka,
Auta

Zuwa ga ƙanwata,

Bayan gaisuwa da fatan Mama tana samun sauƙi. Ban tura wa kowa ba. Amma na bincika. Wayata a haɗe take da kwamfutar shago, saboda ta nan masu son a wanke musu hoto suke turowa, kuma duk abin da ya shigo mini yana sauka a can. Abokiyar aikina ta gani, ta gane Mama ce, ta ɗora a rukunin mutanen garinmu na waya don a yi addu'a. Ta ce alheri ta nufa. Ta cire, na kuma raba wayar da kwamfutar.

Kada ki gaya wa Mama. Jininta zai hau. Ki goge naki, maganar za ta mutu da kanta.

Yayanki

Yaya,

Ina gaisuwa, amma raina a ɓace yake. Wace mutuwa? Na danna goge wa kowa, ashe tsakanina da kai kawai yake gogewa. Gida-gida na bi ina roƙo kamar mai tallan sabulu. Wata ta goge a gabana, tana juya baya na hango shi a ma'ajiyar hotunanta. Mai kitso har cewa ta yi, "Ke ma da abinki, addu'a ake tara mata kyauta kina kuka?"

Yanzu masu dubiya sun cika mana ɗaki, har waɗanda ba ma ko gaisawa. Mama ta sha ɗaurin ɗankwalinta ta zauna tsaf, ita a dole ba wanda ya san inda aka yanka. Su kuma idonsu ƙur a gefen kunnenta na hagu. Ɗazu ƙawarta ta saki baki, wai, "Kai, alhamdulillahi, kumburin nan da muka gani ya saɓe." Mama ta ce, "Kuka gani a ina?" Ni na ƙirƙiro tari na fice.

Kai kana nesa, ni ce nake kallon idonta. Gara ta ji a bakina da ta ji a bakin matar tela. Ka yafe min, zan faɗa.

Auta

Auta,

Ki dakata har in zo ƙarshen mako. Laifin nawa ne, ni ya kamata in yi bayani.

Yayanki

Yaya,

Takardarka ta same ni na riga na faɗa. Ba ta yi faɗa ba, da ma ta yi. Cewa ta yi in nemo mata hoton. Ta daɗe tana kallo, sannan ta ce, "Ina barci kika ɗauka?" Na ce eh.

Jininta bai hau ba, tana cin abinci, tana shan magani. Sai dai ta daina barci in ina ɗakin. Duk na ɗaga labule sai ta ce, "Auta, ina wayarki?" Sai na nuna mata tafin hannuna duka biyu kafin ta ce in shigo.

Ka zo ɗin.

Ƙanwarka