A Ba Mu Izinin Tone Ramin Mayanka

Zuwa ga mai girma Shugaban ofishin da ke kula da tsaftar ƙaramar mayankarmu, a nan birnin Sakkwato.

Assalamu alaikum wa rahmatullahi. Ranka shi daɗe, ina gaisuwa, ina tambayar lafiyarka da ta iyali da ta ma'aikatanka, har da wanda ke zama bakin ƙofa yana ce mini yallaɓai ya fita. Shi ma a gaishe shi, mun saba.

Sunana Alhaji Garba. Mahauci ne ni, barunje ɗan barunje. Ban yi boko ba. Ɗiyata Luba, malamar makaranta, ita ke rubutawa ni ina faɗi, kuma na gargaɗe ta in ta tausasa mini magana Allah na gani. Sau uku na zo ofishinka ban same ka ba, shi ya sa na fito da maganar fili. Abin da nake nema bai da yawa: izinin tone rami guda.

Na farko, ka ji abin da ya same ni. Bara, bayan layya, numfashi ya fara yi mini gardama. Daga gida zuwa masallaci sai na tsaya sau biyu, ina yi kamar gaisuwa ce ta tsai da ni. Luba ta gane, ta ja ni asibiti. Anka shafa mini wani mai mai sanyi ga ƙirji, anka ɗora wani abu, sai ga zuciyata cikin akwatin hoto tana motsi. Likitar, mace ce, ta kira wani likita. Shi ma ya kira wani. Sunka taru kaina kamar an shigo da bajimin sa kasuwa. Sunka ce akwai abu kamar ƙwan kaza manne ga zuciyar, ko dai ƙari ne, ko ƙullutun ruwa irin wanda tsutsa ke yi. Da anka ƙara bincike, ta tabbata na tsutsa ne. Babbansu ya ce a hanta da huhu anka saba ganin irinsa, na zuciya kuwa shi a littafi kawai ya taɓa gani. Na ce to alhamdu lillahi, ko ba komai an zo kallona da tsufana.

Anka tura ni wani babban asibiti, anka buɗe ƙirjin, anka fitar da shi, na sha ƙwayoyi wata da watanni. Ga ni nan da raina, da ɗinki tun daga wuya har gab da ciki. Na duba aikin da kyau, hannun mai yankan ba laifi.

Na biyu, kuma nan ne maganar take. Da na farfaɗo, wata likita a can, ita ma mace, ta nuna mini hoton abin a wayarta. Na ce wanga ai na san shi! Tun ina saurayi nake fiɗe shi daga huhun tumaki da hantar shanu, fari, tab da ruwa. Na rantse mata ban taɓa cin irin naman ba, ban taɓa sayar wa Musulmi shi ba. Ta ce to mi kuke yi da shi? Na ce muna jefa wa karnuka bayan katanga, rabon kare ke nan. Sai ta dafe kai.

Ta yi mini bayani dalla-dalla, ni ma ga shi yadda na riƙe. Kare ya ci huhun, tsutsa ta girma cikin hanjinsa. Ya yi kashi, ƙwayayen tsutsar su fito, ido bai ganinsu. Dabba ta yi kiwo wurin ta ɗauka, mutum ma ya ɗauka a hannu ko a ruwa ko a abinci, abin ya yi shekaru yana girma bai sani ba. Na yi mata gardama sosai, na ce ni ban taɓa shafa kare ba tunda uwata ta haife ni. Ta ce Baba, ina kuke shanya fata? Na ce ƙasa. Ina kuke zama shan fura? Na ce nan dai. Ina karnukan ke kwana? Nan dai ne, sai na sallama mata, kuma duk wanda ya san ni ya san ba ƙaramin abu ke sa ni barin gardama ba.

Ranka shi daɗe, ka duba wagga magana. Don tsoron Allah muke jefa musu. Ba mu son cutar da mai saye, ba mu son kuma a yi ɓarnar abin da wata halitta za ta ci. Ashe da hannunmu muke kiwon cutar.

Na uku, da can ba haka ake yi ba. Zamanin mahaifina akwai dubagari, dogo, mai gajeren wando da sanda da kwalbar kananzir. Duk huhun da ya ga ƙullutu gare shi, sandar zai ɗora a kai, ba mai ƙara magana. A kai shi rami, a zuba kananzir, a ƙone, a rufe da murfin ƙarfe. Da ya bar aiki ba a kawo madadinsa ba. Murfin ya yi ƙafa, damina ta cike ramin, yau nan ake ɗaure shanu. Wani ma'aikacinka ya ce mini ya duba takardunku kaf, ba a taɓa yin rami a mayankar ba. Ina girmama takarda, amma ni na faɗa cikin ramin nan ina gudun wani sa mai faɗa, tabon na nan ga ƙwaurina na hagu. Ramin yana gabas da rijiya, taku goma sha biyu daga gindin tsamiyar da anka sare. In takarda ta manta, ni ban manta ba.

Na huɗu, abin da ya shafe ni ni kaɗai. Likita ta ce ƙirjina ba shi ɗaukar yanka na biyu. Luba ta riƙe wagga magana, ta sa na yi mata alkawari ba ni sake taka cikin mayanka sai an daina ba karnuka huhu. Ba yanka nake son yi ba, ƙarfin ya tafi. Zama nake so bisa bencina, in ga ana fiɗa, in tsawata wa mai huda fata. Yanzu ina gida kamar tulu. Abokina Mamman Ige kan biyo da la'asar don kawai shi gaya mini wai sun fi samun ciniki tunda na tafi, ƙarya yake yi. Hajiya kuma, mai ɗakina, ta ce in na ƙara leƙo madafa ina koya mata yankan nama, ita za ta koma gidan ƙanenta a Dundaye. Ka ga ke nan zaman aurena ma na hannunka.

Kada ka ce mun zauna jiran gwamnati. Na tara mahauta ƙofar gidana, na ɗaga riga na nuna musu ɗinkin. Sarkin fawa ya ba da umarni, anka samo ganga ana tara ruɓaɓɓen kayan ciki. To amma ina za a kai? Kwana biyu wari shi hana kowa sakat, sai wani shi faki ido shi tuntsurar da ita bayan katanga. Munka ce za mu tone ramin da kanmu, ma'aikatanka sunka ce filin na hukuma ne, ba mai sa diga sai da sa hannunka.

Saboda haka ga roƙona. Ka sa hannun, mu za mu yi tonon. A taimake mu da murfin ƙarfe mai kwaɗo, don na san halin garinmu. A turo mai duba nama ko da ranakun da yanka ya fi yawa ne. A toshe ɓarakar katanga ta yamma, inda karnuka ke shigowa. Karnukan kuma ban ce a kashe su ba, su ke tsaron wurin, kuma laifin namu ne. A ce wa likitocin dabbobi su ba su maganin tsutsa. Duk wanga a yi shi kafin layya, don ranar nan huhu sai ka ce tudu.

Ranar Asabar mai zuwa da hantsi ina bakin ƙofar mayanka, daga waje, don alkawari. Ka turo mutum da igiyar awo, in tsaya nan in nuna masa wurin da sandata. In bai zo ba, ina nan Asabar ta gaba, da wadda ke bi mata. Ba ni da wani aiki, kuma numfashina ya dawo.

Allah shi ƙara maka lafiya da girma, shi tsare zuciyarka da ta iyalinka daga abin da ya sami tawa, shi sa ka gama aiki lafiya.

Wassalam.

Naka,
Alhaji Garba Barunje, Sakkwato.