Mujiyar Gawon Baba

Yaya Sani,

Assalamu alaikum. Ina gajiya, ya aiki? Ya Anti Rabi da yara, ya zaman Fatakwal? Mu nan Zango lafiya lau, sai dai ɓacin rai.

Baffa Idi ya sare gawon nan na gonar bayan gida. Ka tuna 'yar mujiyar da ke kogonsa, wadda ba ta fi kurciya ba, launinta sak ɓawon itacen? Marigayi Baba bai taɓa bari a jefe ta ba, don ita ke cinye masa fara da ɓeraye. To, jikan Baffa ya yi zazzaɓi, aka ce wai kukanta ne. Na ce a kai yaro asibiti a bar tsuntsuwa, Baffa ya ce in rufe masa baki. Da gawon ya faɗi, 'ya'yanta biyu aka tsinta matattu, ko gashi ba su gama ba.

Allura ta warkar da yaron, amma gatari ake ta yabo. Mujiyar kuwa kullum da magariba tana kan kututturen tana kira.

Ka sa mu a addu'a, ka gaida kowa. In Baffa ya kira ka, kada ka ce masa na huce.

Ƙanwarka,
Hadiza