Faifan da ya fi ƙarfina, matata ce ta iya jefa shi

Assalamu alaikum ƴan uwa. Admin a sakaya sunana. Don Allah ku ba ni shawara, abin da ke damuna ko aminina na kasa faɗa wa, saboda kunya.

Ni mutumin Damagaram ne, karatu ya kawo ni Faransa, na gama na samu aiki, muna zaune a Stains, kusa da Paris, da iyalina da ƴarmu ɗaya. A 2012 wani abokin aikina Bature ya ja ni wani wasa da ake kira disc golf, faifan roba ne kake jefawa daga nesa har ka saka shi cikin kwandon ƙarfe mai sarƙoƙi, wanda ya yi jifa kaɗan shi ya ci. Wasan ya shiga raina sosai, duk asubar Lahadi ina fili. Bayan shekara uku sai na sayi wani faifai na ƙwararru, mai faɗin baki da kaifin gefe, na jifan nesa. Ƴan kulob sun ce mini ya fi ƙarfin hannuna, in ba a sake shi da gudu sosai ba sai ya karkace hagu ya faɗi. Ban ji ba, har sunana na rubuta a ƙasansa. Wata shida ina fama, mita tamanin ban wuce ba.

Wata Lahadi na tafi da iyalina su sha iska. Matata tana zaune tana dariyar yadda nake juyi, sai na miƙa mata na ce to ke gwada. Ta gyara hijabinta ta wurga, faifan nan ya miƙe sambal ya wuce inda nawa ke faɗuwa. Na ce sa'a ce, ta sake, haka. Ashe ta yi handball, ƙwallon hannu, a lise, wato sakandare, a Maraɗi, ta taɓa faɗa mini ban riƙe ba. Ranar wallahi na yi murna, ni da kaina na yi mata rajistar kulob, na bar mata faifan.

Daga baya ne abu ya fara ci na. Mutanen da na shekara uku ina gaisawa da su, yanzu in na zo ni kaɗai tambayar farko ina Madam. In ta yi jifa aka tafa sai in kau da kai, in mun dawo gida in yi ta neman laifi, miya ba gishiri, yarinya ba ta yi devoir ɗin makaranta ba. Sai na lura jifanta ya ragu, muka dawo kusan ɗaya, raina ya yi sanyi. Rannan wata dattijuwa a kulob take ce mini wai abin mamaki, ranar Laraba da ba na zuwa matata tana haura mita ɗari, amma ran Lahadi sai ta ƙi sakin hannu. Wato rage ƙarfi take saboda ni. Wannan ya fi komai yi mini zafi.

Yanzu kulob ya zaɓe ta ta je gasa kusa da Lyon, ni ba a ko ambace ni ba. Da ta faɗa mini na ce ba masauki, ta ce yayarta na zaune a Rillieux-la-Pape, dab da Lyon, kuma yayar ta ce mu zo duka. Na ce bai dace matar aure ta tsaya gaban maza tana wasa ba, ta tuna mini ni na kai ta, kuma rukunin mata ne. Da hujja ta ƙare mini sai na ce ta ba ni faifaina, ai sunana ne a jiki. Ba ta yi musu ba, ta ciro shi daga jaka ta ajiye gabana ta ce, "Malam, da na san zai ɓata maka rai da ban taɓa shi ba."

Sati biyu ke nan ba ta je fili ba. Girki, gaisuwa, komai tana yi, amma hira ta mutu a gidan. Yayarta ta kira ni a telefon tana tambayar ko lafiya, na ce aiki ne ya yi mini yawa, ƙarya na yi wa babbar mace. Na je fili ni kaɗai na jefa faifan, ya karkace hagu kamar kullum.

Na san ba addini ba ne, ba kishin maza ba ne, hassada ce nake yi wa matar da ba ta taɓa yi mini komai ba sai alheri. Ran Juma'a ake rufe rajista. In zauna in faɗa mata gaskiya, ba za ta raina ni ba? Ko in mayar mata da faifan kawai in yi shiru? Kuma in mun je Lyon aka fara tafa mata ina tsaye riƙe da jakarta, ban san abin da fuskata za ta nuna ba. Maza, akwai wanda ya taɓa jin haka game da matarsa ya warke? Ku faɗa mini yadda kuka yi.